Saniyar Sahur ta Inna Hinda

Na Allah muke, kuma gare Shi ake komawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Rajab na 1447, daidai da shida ga Janairun 2026, bayan azahar kaɗan, Allah Ya karɓi ran Inna Hinda a ɗakinta, a rugar da ke gabas da garinmu, nan ƙasar Waca. Jinyar kwana tara ta yi, ciwon ƙirji. Ɗanta Hamma ya ce shekarunta saba'in da ɗaya, ko da yake ita ta sha faɗa cewa ba ta taɓa ƙirga su ba, tana da abin ƙirgawa da ya fi su amfani. Ina tsaye a kilas ina rubutu a allo aka leƙo ta taga aka faɗa mini. Na sallami ƴan lakwal, ɗalibaina, ba tare da na ƙarasa jimlar ba, na tafi. Kafin la'asar ta yi sanyi mun kai ta makwancinta.

Ni ne Mas'udu, wanda garin nan ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, shekara ashirin da biyu ina koyarwa a lakwal ɗinmu. Ba ni da dangantakar jini da marigayiya. Ita ta ruga ce, suna kiwo suna noma. Ni ɗan cikin gari ne, mai alli da ƴar gonar wake. Amma wallahi ban yi kukan da na yi mata ba tun rasuwar mahaifiyata.

Inna, yau kwana ashirin da ɗaya da tafiyarki, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami. Ba baƙin ciki kaɗai ya hana ni ba, har da tsoro, kuma zan faɗe shi a fili tunda kin san ni ba na iya ɓoye abu. Ranar da muka rufe ki saura kwana arba'in da ƴan kai a ga watan azumi. Ina zuba ƙasa ina ji a raina kamar azumina nake binnewa tare da ke. Shekara shida ke nan ina kai azumi ƙarshe ba tare da na sha ko ɗaya ba, kuma kowa a garin nan ya san bayan ikon Allah, da ƙwaryarki nake kai shi.

Wanda bai san yadda muka faro ba zai ɗauka tun asali muna shiri. Ina! Da faɗa muka fara, kuma ni ne mai faɗan. A kakar 2018 na ɗaure harawar wakena dami-dami na bari a gona, ina jiran amalanke. Jar saniyarki ta tsinke igiya ta shiga, ta ci wadda ta ci, ta tattake sauran. Da na zo na gani idona ya rufe. Ban tsaya jin ta bakin kowa ba na kai ƙara gaban Maigari, na sa aka taso ki da tsufanki, kika zo kika zauna a ƙasa gaban mutane. Na zaci za ki yi musu. Sai kika ce: “Ta ci, Mushe, ba ƙarya ka yi ba. Kuma ta ji daɗinta, don harawarka ta fi ta kowa ganye.” Jama'a suka fashe da dariya, ni kuwa na ƙara hawa. Maigari ya sa Hamma ya kawo mini wasu dammunan a madadi, na karɓa ban ko ce na gode ba. Har na bi ki da magana, na ce tsohuwar da ke kiwon shanu biyu kamar ƴaƴan gata, ana tafiya da garke ita nata na kwance a inuwa suna jiran dusa. Wata bakwai ban gaishe ki ba. In na hango ki a hanyar rijiya sai in sauya hanya, ni da nake koya wa yara ladabi.

Allah da ikonSa, azumin 2019 ya faɗo a tsakiyar bazara, watan Mayu, lokacin da ko takalmi ba ya hana ƙasa ƙona ƙafa. Bari in faɗi irin sahur ɗina na wancan zamani, don na san har yanzu akwai masu yin sa a Waca da Magarya da Dungas, musamman mu da muka zauna a kan benci muke ganin mun waye. Ina tashi tun da sauran dare sosai, in hura gawayi, in dafa shayi mai ƙarfi zagaye uku, sukari har sai ya yi kauri. In ci taliya da yaji da gishiri da mai, ko buredi in an samu. Sannan in ɗauki moɗa in ɗura ruwa har cikina ya yi tauri, in koma in kwanta. Fura kuwa, a ganina, abincin wanda bai je lakwal ba ne. Kafin hantsi duk ruwan nan ya fita, maƙogwarona ya bushe, cikina na ci da wuta, kaina na sarawa. Ina ɗauka haka azumi yake ga kowa, ladan ke nan.

Ranar sha ɗaya ga watan azumin na yanke jiki na faɗi a gaban ƴan kilas. A gidan likita na Waca na farka, ana yi mini ƙarin ruwa, aka ce a amalanke aka kawo ni. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce cikina ya yi gyambo, ƙodata ma ta fara kokawa, in ajiye azumin bana. Ya ƙara da cewa in aka sake kawo masa ni a haka, to shi da kansa zai gaya wa liman cewa na shiga sahun masu ciyarwa har ƙarshen rayuwata. Shekarata arba'in da takwas a lokacin, tun ina ɗan sha biyu ban taɓa shan azumi ba. Kwana goma sha tara na yi ina cin abinci a bayan ƙofa, matata Kyauta na kawo mini a rufe kamar kayan sata. Na san Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, na karanta, na karantar. Amma in aka kira magariba na ji gari ya yi tsit kowa na buɗa baki, sai in juya fuskata bango hawaye na zuba.

Kwana uku da dawowata gida kika yi sallama, da ƙwarya a ka. Na ji muryarki na ja mayafi na yi kamar ina barci. Kika ce wa Kyauta ba komai, ba ki da sauri, za ki jira. Kika zauna a bakin ƙofa har na gaji da ƙaryar barci na tashi, kunya kamar in nutse. Ba ki ɗauko zancen harawa ba, ranar nan ko bayanta. Ba ki ma tambaye ni komai ba, Kyauta kika tambaya me nake ci da asuba. Ta zayyana miki kaf, har da yawan sukarin, da alama ta daɗe tana neman wanda za ta kai wa ƙarata. Kika riƙe baki, kika dube ni.

“Mushe, wannan ai ba sahur ba ne. Wuta kake hurawa a cikinka, ka watsa mata ruwa, ka kwanta a kai.”

A zaman nan ne na ji labarin shanun da na yi wa ba'a. Kin ce azumi ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana matsowa da kwana goma da ɗoriya, sai ya zaga damina da kaka da sanyi da bazara a cikin shekara talatin da uku. In ya faɗo a damina ba mai bukatar dabara, ciyawa ta fito, nono har a ba maƙwabci. In ya faɗo a rani kuwa, shanu sun rame, hantsa ta ƙafe, garke ya yi kudu neman abinci, a daidai lokacin da mai azumi ya fi bukatar nono. Kina matashiya aka yi irin wannan zagayen, mijinki marigayi Maiwada ya faɗi a bakin rijiya yana ba shanu ruwa da azumi a bakinsa. Surukarki ce ta koya miki abin da ita ma aka koya mata: a ware shanu biyu kada su bi garke, a riƙa kai ɗaya ga sa don barbara bana, ɗayar baɗi, kuma a kai ta mako biyu bayan ƙaramar Salla. Cikin saniya wata tara ne da ƴan kwanaki, don haka za ta haihu a farkon Sha'aban, kafin a ga watan azumi nono ya kankama. Sai dai ramammiyar saniya ba ta karɓar sa a bazara. Dole a riƙe su da harawa da dusa da ƴaƴan gawo da ɗan kanwa tun daga kaka. Da azumi ya koma damina mutane suka manta da wannan dabara, waɗanda suka san ta suka mutu. Da ya sake zagayowa rani, ke kaɗai kika rage a yankin nan da kika tuna.

Ina sauraro ina haɗa lissafi. Ashe lokacin da kowa ke cin naman Salla yana murnar an gama, ke kin riga kin fara shirin sahur ɗin baɗi. Ashe harawar da na tara wa jama'a a kanta, ba don gata saniyar ta ci ba.

Na ce to Inna, gobe zan ɗauki azumi da furarki. Kika ce ko kusa. Kin ce ke shanu kika sani, ba ki san ƙoda ba. Wanda ya san ƙoda ya ce in ajiye, in ajiye. In sha maganina, in warke, in sanyi ya shigo in koma wurin majo, in ya yarda sai mu gwada da ramuwa. Haka aka yi. A watan Disamba majo ya duba ni, ya tambayi abin da za ki ba ni, na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce abin da yake ta faɗa wa mutane ke nan ba sa ji, wataƙila don shi ba shi da saniya. Ya ce in fara da Litinin da Alhamis, in na ji jiri ko fitsarina ya yi ja in karya nan take, kada in yi taurin kai.

Abin da kika ɗora ni a kai ba wani abin mamaki ba ne, duk a gonakinmu yake. Furar gero wadda ba a surfe ta ƙal ba, a bar mata ɗan jikinta, don ita ce ke daɗewa a ciki. Nono ludayi uku, ba sukari. In ina son zaƙi in jefa dabino biyu. Kafin furar in ci ɗan dafaffen wake da aka jiƙa tun yamma, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gishiri kaɗan, yaji kuwa sai bayan Salla. Ruwa kin ce ciki ba randa ba ne da za a cika shi lokaci ɗaya a rufe. In riƙa kurɓa tun daga buɗa-baki har in kwanta, in tashi in ƙara. Kuma in daina sahur ɗin tsakar dare, in jinkirta har gab da kiran salla. A nan ne na so in nuna ilimi, na ce ai haka ma addini ya koyar. Kika ce: “To ka sani, me ya hana ka?”

Shayi ne muka fi daɗewa muna ja a kansa. Kin yarda da zagaye ɗaya bayan isha'i, amma da asuba ko ƙamshinsa. Wata rana a cikin ramuwar nan na saci jiki na dafa, ina ganin wa zai sani. Kafin azahar labari ya kai ruga, don Kyauta ta riga ta zama idonki a gidana. Da yamma kika zo da kanki, ba faɗa ba hayaniya, kika ɗauki ƴar butar shayina kika jefa a ƙwarya kika tafi da ita. Sai da na cika sha tara ɗin nan kika aiko mini da ita, an wanke ta tas.

Azumin 2020 shi ne gwajin gaske, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, zafi iyakar zafi. Ja, jar saniyar nan taki, ta haihu a kan lokacinta. Kowace yamma nono na iso mana, Kyauta ta sa shi a tukunyar ƙasa ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu, sai asuba a dama. Ranar farko tsoro ya hana ni sakewa. Ina ta jiran jirin nan, hantsi ya wuce bai zo ba, azahar ta wuce bai zo ba. Ƙishi akwai shi, yunwa akwai ta, amma irin na mai lafiya. Da na idar da la'asar na kasa zama, na taka har ruga da ƙafa don in faɗa miki. Na same ki a gindin gawo kina tsintar ƴaƴansa a zane. Na ce Inna, na kai la'asar a tsaye! Kika ɗago kika dubi leɓena, kika ce madalla, saura ashirin da tara, in koma inuwa in daina yawo a rana. Da na juya zan tafi kika ce: “Ka san nonon wa kake sha? Na Ja ne. Harawarka ce ta dawo gida.”

Ranar Salla ta shekarar nan na yi kuka a filin idi, ban damu da wanda ya gani ba. Daga nan ban sake sayar da ko dami ɗaya na harawa ba. In na roro wake, ni da kaina nake bin amalanke har ruga, in taya Hamma jera ta a kan rumfa.

Ba ni kaɗai ba ne. Nonon saniya ɗaya a rani ba shi da yawa, kuma kin ce maraƙi ne mai haƙƙin farko, sai ya sha a tatsa. Abin da ya rage mutum bakwai yake isa, ludayi uku-uku, kuma ke kike zaɓar su, waɗanda kika ga azumi na neman kayar da su. Akwai Malam Modu ladaninmu, wanda haƙoransa suka ƙare, tuwo ba ya wuce masa da asuba. Akwai Sale mai haƙar rijiya, da ke wuni a cikin rami saboda aikinsa na rani ne. Wata shekara mai shayarwa ce, wadda kika fara yi wa faɗa cewa Allah Ya ɗauke mata, da ta nace kika sa ta a ciki kina lura da ita da jaririn. In mutum ya murmure kika cire shi kika sa wani, ba kya jin kunyar kowa. Ni dai ba ki taɓa cire ni ba, kin ce kaina ne bai warke ba, in kika sake ni zan koma wa butata. A bazara nono abin nema ne a kasuwar Waca, mata sun sha ba ki shawara ki kai. Ba ki taɓa kai na watan azumi ba. Sannu a hankali Sale ya riƙa tara miki ƴaƴan gawo a buhu, gidan Malam Modu suna aiko dusa, ba wanda ya sa su. Kuma ko gidajen da ƙwaryar ba ta zuwa sun ɗauki sauran karatun: yau in ka zaga unguwarmu ana gobe azumi za ka ga wake a jiƙe, zogale a shanye.

A jikin dangar ɗakinki akwai wata igiyar kaba da kike ratayewa. Ranar da aka kai saniya ga sa sai ki sa sabuwa, duk jinjirin watan da kika gani ki yi ƙulli ɗaya. In kika yi na goma, saniya ba ta wuce mako. Ni da iyayina na taɓa kawo miki takardar kwanan wata mai hoto, na ce ga wannan ta fi sauƙi, zan riƙa yi miki alama da jan alƙalami. Kika karɓa kika yi godiya, kika ce takardar tana da kyau amma ba ta fita waje ta dubi sama. Da na koma bayan kwana biyu na tarar an rufe ƙwaryar nono da ita.

Na zo duba ki ana saura kwana uku ki rasu. Numfashi na yi miki wuya, amma abin da kika tambaye ni shi ne ko an ɗaure harawar da kyau kada awaki su ja, kuma ko Kyauta ta shanya zogale. Na ce an yi duka. Na dubi igiyar, ƙulli tara. Na ce saura ɗaya, Inna, ki yi sauri ki tashi. Kika yi murmushi.

Bayan sadakar bakwai na ji ana zancen rabon gado, har aka ce wani dillali daga Sassumbrum ya zo ya zaga garken. Shanun nan biyu yanzu haƙƙin magada ne, in sun so su sayar, in sun so su tura su kudu tare da sauran. Da wane baki zan tambaya, ni da na taɓa zaunar da uwarsu a ƙasa gaban Maigari saboda ɗaya daga cikinsu? Sau biyu ina kama hanyar ruga ina dawowa daga rabi. Kyauta ta ce in kwantar da hankalina, ai mun iya komai yanzu, ga gero ga wake ga zogale, nono kuwa ko na gari ne a dama. Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. Amma na kasa yarda da kaina. Faɗuwar nan ta gaban allo ba ta bar ni ba, kuma maganar majo na nan a kunnena. Shekara shida akwai wadda ke ƙirga wata saboda ni, yanzu babu.

Ranar Asabar da ta wuce, biyar ga Sha'aban, da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai ga Hamma, wandonsa duk ƙasa. Muka gaisa, na sake yi masa gaisuwar rashi. Ya zauna a gefen tabarma ya ce: “Mushe, Ja ta haihu da asuba. Mace.”

Na ce masha Allah kawai, don ban san ko tawa ce murnar ba. Sai ya ce tun dare na biyu da kwanciyarki kin kira shi da ƙanwarsa Tamu da ta zo daga Dungas, kika sa aka kira Malam Modu ya shaida. Kin yi wasiyya cewa Ja da Fara, ɗaya saniyar, ba sa cikin rabo, a fitar da su daga kason da shari'a ta ba ki iko a kansa, nononsu na watan azumi na masu rauni ne muddin suna raye, in sun tsufa a maye da ƴaƴansu. Dillalin da aka gani, wani bijimi ya zo dubawa. Tatsa da rabo kin damƙa wa Amira matar Hamma, wadda ta shekara tara tana riƙe miki maraƙi, kuma ita ce ta fita ta ga watan Sha'aban ta yi ƙulli na goma. Hamma ya ce bai zo ya faɗa mini da wuri ba ne don ya ɗauka na sani; a ganinsa ai ni ɗan gida ne.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro sabuwar igiyar kaba, ba ƙulli ko ɗaya, ya miƙo mini. Ya ce bana Fara ce za a kai, mako biyu bayan Salla. “Inna ta ce a ba ka wannan, tunda kana son lissafi. Amma ta ce a gaya maka da wata ake ƙullawa, ba da takarda ba.”

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, Hamma ma ya sunkuyar da kai. Da yamma na je na ga maraƙar, ja ce kamar uwarta, tana tsaye da ƙyar tana neman hantsa. Na tsaya na yi lissafi. Tun Afrilun bara, cikin zafin nan, kika ja saniyar nan da hannunki kika kai ta, kika dawo kika rataye igiya, kina shirya mana sahur ɗin azumin da Allah bai rubuta za ki gani ba.

Tsoron ya tafi, Inna. Na je wurin majo jiya ya duba ni ya ce lafiya lau. Harawa na kan rumfa, Sale ya kawo buhun gawo na farko, butar shayi na miƙa wa Kyauta da hannuna ta ɓoye. Amira ta fara zaɓen mutanenta bakwai, an ce har ta yi wa Malam Modu faɗa a kan gishiri, da irin muryarki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hamma da Tamu da Amira, da jikoki, da dukan dangi na ruga da na Dungas, da mu bakwai-bakwai ɗin da muka sha daga hannunta shekara bayan shekara. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa albarka a abin da ta bari, na cikin ɗaki da na turke. Wanda duk ta taɓa ɓata wa, ina roƙonsa ya yafe mata. Ni kuwa da na ɓata mata, ta yafe mini tun kafin in iya buɗe baki in roƙa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Hinda, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka sanyaya shi. Ta kashe wa masu azumi ƙishi a tsakiyar bazara, Ka shayar da ita daga tafkin AnnabinKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da ba ƙishi bayansa. Ka shigar da ita ta ƙofar da Ka keɓe wa masu azumi, ita da Maiwada da surukar da ta koya mata. Ka nuna mana watan nan lafiya. Kuma ranar farko, in na ɗaga ƙwaryar nan gab da kiran salla na kai bakina, Ya Ubangiji, Ka rubuta mata ladan tun kafin in haɗiye. Amin.